Yadda Ake Gyaran Tsohon Gidan Ƙasa a Damagaram Alhali Iyali Na Ciki

Ruwa ne ke kayar da gidan ƙasa, ko ta sama ko ta gindi. Ruwan da Damagaram ke samu a shekara bai taka kara ya karya ba, wajen milimita 400 ne, amma a dunƙule yake zuwa tsakanin Yuni da Satumba, da iska mai ƙarfi daga gabas. A Birni kuwa, tsohuwar unguwar garin, inda gidaje da yawa ke zaune kan dutse ko jikinsa, ruwan ba ya samun wurin nutsewa, sai ya bi lungu yana lasar gindin katanga. Shi ya sa gyara ke da jerinsa: a tokare, a rage wa rufi nauyi, a gyara gindin bango da tsaga, a mayar da rufi da indararo, sannan wuta da tiyo, yaɓe, daɓe, farar ƙasa daga ƙarshe. Wanda ya fara da siminti da fenti don gida ya yi kyan gani, ciwon ya lulluɓe, kuma damina biyu sun isa su tona shi.

Kafin a ɗaga diga

Lokacin farawa shi ne ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba. Bango ya bushe daga damina, tabkuna ba su ƙafe ba tukuna, kuma akwai wata biyar ko shida kafin hadari ya fara haɗuwa. Kowa ya san yadda ruwa ke wuya a garin nan da bazara: pampo ya ɗauke, bido ya yi tsada, ga zafin da ke tsattsaga yaɓe tun bai kama ba. Duk aikin da ya shafi buɗe rufi a gama shi kafin ƙarshen Afrilu.

In gidan gado ne, a zauna da magada tukuna, a san wanda ke biya da abin da za a taɓa, a rubuta a gaban shaidu. In katanga ta haɗaka ce, a kira maƙwabci ya gani da idonsa, domin bangon da za ka sassaƙe ta nan yana iya zama shi ke ɗauke da azarar ɗakinsa ta can. A sanar da mai unguwa in ƙasa da yashi za su tare hanya. A lungunan Birni da Zango babbar mota ba ta shiga, da amalanke ko baro ake jido, kuma wannan kuɗi ne da mutane kan manta su lissafa.

Sai kewayen gida tare da magini wanda ya san aikin tubali, ba wanda bulo kaɗai ya sani ba. A riƙe guduma ƙarama, sukuddireba, tocila da alli. Ana ƙwanƙwasa bango daga ƙasa zuwa sama: inda ya yi amo kamar ganga, yaɓe ya rabu da jiki, a zagaye wurin da alli. Ana soka sukuddireba a kan kowace azara daidai inda ta shiga bango, domin nan take fara ruɓewa, tsakiyarta na nan kamar sabuwa. In ƙarfen ya shige da sauƙi, ko gari ya zubo, azarar ta mutu. A duba gindin bango ta waje da ta ciki: farin gishiri da ke tsatsowa, da ƙasa mai marmashewa a hannu, alamar danshi ne daga ƙasa. A hau sama a tona ɗan rami a kusurwa, a auna kaurin ƙasar rufi.

Tsaga kuwa, sai an san ko tana tafiya ko ta tsaya. A manna mata ɗan siminti siriri, faɗin yatsa uku, ya haye ta daga gefe zuwa gefe, a rubuta ranar a jikin bango. Bayan mako uku ko huɗu in mannin ya tsage, bangon na motsi, kuma cike tsagar aikin banza ne sai an gano abin da ke tura shi: salga da ke kusa, tiyo mai yoyo, saiwar itace, ko nauyin rufi.

In akwai zane a fuskar zaure, a ɗauki hotonsa da waya, gaba ɗaya da kuma ɓangare-ɓangare, da ma'auni a jiki. Tun 2006 tsohon garin Zinder (Damagaram), wato Birni da fadar Sarkin Damagaram, yana cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da wuraren tarihi, kuma irin wannan zanen da zankwaye na cikin abin da ya sa. Masu iya fitar da shi sun yi ƙaranci. In aka kankare ba hoto, ya tafi ke nan.

Zaman iyali lokacin aiki

Ɗaki ɗaya ake buɗewa, a gama shi, sannan a taɓa na gaba. A fara da wanda ya fi lalacewa, ko wanda ba kowa a ciki, don ya zama wurin da za a riƙa kwashe mutane da kaya. Ɗakin da ke jingine da wanda ake aiki a kansa, kada kowa ya kwana ciki har sai an gama da bangon da suka haɗa.

A ja zana ko bash a raba tsakar gida biyu, ɓangaren ma'aikata da na mata, kuma a sama wa ma'aikata hanyar shiga da ba ta bi ta gaban ɗakuna ba. Magini ba ya hawa sama sai ya yi sallama an sanar da matan gidan da na maƙwabta, domin daga kan soro ana hango tsakar gida uku. Murhu da randa a matsar da su nesa, a rufe randa. Tano mai ruwan aiki a rufe shi da murfi mai nauyi: ƙaramin yaro na iya faɗawa da ka cikin tano mai rabin ruwa. Ramin kwaɓa, farar ƙasa da aka jiƙa, ƙusa da tsani, duk a killace kafin a tashi da yamma. Masu asma da jarirai a kai su gidan dangi ranar da za a sauke rufi, saboda ƙurar tsohon rufi cike take da kashin jemage. Ma'aikata su ɗaure hanci, su sa takalmi, su kuma yi hattara da kunama a ƙarƙashin tsohuwar zana.

Tokara da sauke rufi

A kashe wutar ɗakin daga kwantar, wato mitar wuta, a cire wayoyin. A gitta itace mai ƙarfi a ƙarƙashin azara, a tokare shi da gungume ko ƙarfe kowace mita ɗaya. Ƙafar tokara ta zauna kan katako mai faɗi, ba kan daɓe kai tsaye ba, a matse ta da ɗan itace har ta kama, amma kada a buga har ta ɗaga rufin.

Lissafin nauyi ne zai nuna dalilin wannan hattara. Ƙasa busasshiya, awon mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi, ta kai kilo 1,700 ko fiye. Ɗaki mai mita 3 da mita 4, da ƙasa mai kaurin santimita 20 a kansa, yana ɗauke da wajen tan 4. A tsofaffin gidaje kuwa, kowace shekara ana ƙara yaɓe a kan na bara ba a kankare ba, sai ka tarar kaurin ya kai santimita 40: tan 8 ke nan a kan azarar da aka jera tun zamanin kakanni, kuma in ta sha ruwa nauyin ya ƙaru. Yawancin rufin da ke ruftawa cikin Agusta haka ne labarinsu.

Ana sauke ƙasar daga tsakiya zuwa gefe, sannu-sannu, ko'ina daidai, mutum biyu kawai a sama, suna tsaye kan katakon da aka shimfiɗa daga bango zuwa bango. Kada a tara ƙasar wuri ɗaya a kan rufin, kuma ba kowa a cikin ɗakin. Wannan ƙasar kada a zubar, ta fi sabuwa: ta riga ta ruɓa, ta saba da ramno, ciyawar da ake cuɗawa cikin kwaɓi. A tankaɗe ta, a ware tsohuwar leda da tarkace, a tara ta kusa da ramin kwaɓa. Ƙasar gindin bango mai gishiri ita ce ake fitarwa daga gida gaba ɗaya.

Gindin bango

Nan ne aikin ya fi haɗari, nan ne kuma ake yawan yin garaje. Tsohon bangon tubali kan yi kauri a ƙasa, santimita 60 ko fiye, ya riƙa sirancewa yana hawa. In ruwa ya ci gindinsa ya yi kogo, a raba tsawon bangon da alli gida-gida, kowane gida kada ya wuce mita ɗaya, a sa musu lamba. A yi na 1, na 3 da na 5, a bar su su bushe, sannan a dawo kan na 2 da na 4. Wanda ya sassaƙe gindin bango daga kusurwa zuwa kusurwa rana ɗaya, ya cire wa bangon ƙafa. Zurfin sassaƙa kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na kaurin bangon. In ruɓewar ta zarce haka, a tokare bangon ta gefe biyu, ko a sauke wannan yankin a sake gina shi.

A kankare har a iske ƙasa mai tauri, a daidaita saman kogon ya zama miƙaƙƙe don sabon gini ya samu abin ɗauka, a share, a yayyafa ruwa. Layin ƙasa a jera shi da dutse, wanda Allah ya hore wa garin nan, har ya tashi santimita 30 zuwa 40 sama da hanya, daga nan a ci gaba da busasshen tubali ko bulon ƙasa. A bar shi kwana biyu ko uku ya zauna kafin a cusa layin ƙarshe, a matse shi da kwaɓi mai tauri. In aka cike kogon da ɗanyen kwaɓi zalla lokaci guda, zai bushe ya janye, ya bar rata a sama, bangon kuma yana nan a rataye. Kogon da bai yi zurfi ba ana cike shi da kwaɓi, amma santimita 5 a kowane zubi.

Daga waje a yi ɗan dakali mai gangara wanda zai kori ruwa daga bango. A duba wuriya: a unguwanni da yawa hanya ta yi ta tashi da shara da ciko har ta fi tsakar gida tudu, wuriya ta koma shigo da ruwa maimakon fitar da shi. In haka ne, a sake mata wuri ta ɓangaren da ya fi gangara, a sa mata tiyo mai faɗin santimita 10 ko fiye. Salga ko wurin wanka da ke manne da bangon ɗaki a matsar da shi, in ba haka ba danshin ba zai taɓa yankewa ba.

Tsagar da ta tsaya ana buɗe bakinta da diga ƙarama, a share, a jiƙa. Kowane santimita 50 a sassaƙa gurbi a gicciye, a kwantar da guntun azara mai tsawon santimita 80 zuwa mita ɗaya ya haye tsagar, a binne shi da kwaɓi. Ɗinki ke nan. A kusurwa a saka guntayen suna hawa kan juna, ɗaya ta wannan bango, na gaba ta wancan. Bangon da ya karkata har ido na gani, kada a ɓata masa kuɗi, a sauke.

Ƙasar aiki

In za a ƙaro sabuwar ƙasa, a gwada ta. A kwaɓa ɗan kaɗan, a mulmula kamar kaurin babban yatsa, a riƙa turo shi ta gefen tafin hannu har ya karye. In ya karye bai kai santimita 5 ba, yashi ya yi yawa, a ƙara mai danƙo. In ya wuce 15 bai karye ba, danƙo ya yi yawa, za ta tsattsage, a ƙara yashi. Tsakanin nan ita ce ƙasar gini. A zuba ramno, a cuɗa da ƙafa, a rufe, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa har mako guda ko biyu, sai ta yi duhu ta fara wari. Gwanin magini zai damƙa ya ce, "Alhaji, a bar ta ta ƙara kwana biyu." A saurare shi. Baro 16 ko 17 na ƙasa kan sha tano guda na lita 200, wani lokacin da rabi, don haka a tanadi ruwan tun kafin ranar kwaɓa.

Mayar da rufi

A ware azarar da aka sauke. Mai kyau baƙa ce, mai nauyi, in an buga ta sai ta yi ƙara tsaf. Fara-fara mai sauƙi daga cikin giginya aka tsago ta, ita gara ke ci. Giginya itace ce da ma'aikatan gandun daji ke tsare sararta, sabuwar azara ta yi wuya ta yi tsada, saboda haka wadda kanta kawai ya ruɓe a datse a yi ɗinki da ita, ko tauyi, wato guntayen da ake fitowa da su daga bango su tallafi azara. Azara ba ta ɗaukar ƙasa a faɗin da ya wuce wajen mita 1.8 ba tare da taimako ba. Shi ya sa magabata ke fito da tauyi daga bango hawa-hawa don rage faɗin, ko su ɗaura bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke ɗaukar rufi, a manyan soraye. Bakan gizon da ya tsage ba aikin kowane magini ba ne, a nemo wanda ya gada.

Inda azara ba ta isa ba, ana gitta ƙarfen IPN, wato dogon ƙarfen gini mai siffar harafin I, a jera gajeru a kansa. Ga ɗaki mai faɗin mita 3 da rufin ƙasa, IPN 120 kowace mita ɗaya ya yi. IPN 80 na ɗaukar kwano ne, ƙasa za ta lanƙwasa shi. Faɗin da ya wuce mita 4 a kira mai ilimin lissafin gini. Kada kan ƙarfen ya zauna kan ƙasa kai tsaye, zai nutse ya tsaga bangon daga nan zuwa ƙasa. A yi masa matashi na kankare ko faffaɗan dutse mai tsawon santimita 40 zuwa 50, ƙarfen ya shiga bango santimita 25 ko 30, a shafe shi da fentin hana tsatsa. Kankaren matashi: buhun siminti 1 mai kilo 50, baro 1 na yashi, baro 2 na tsakuwa, a shayar da shi ruwa safe da yamma kwana 7. Kawunan azara a shafe su da kwalta ko baƙin mai kafin a binne. In an ga hanyar gara, a bi ta har gidanta a tone, a zuba magani yadda takardarsa ta ce, ɗakin ba kowa.

A kan azara sai sabuwar zana ko asabari, sannan zubin farko na kwaɓi santimita 5, a bar shi ya bushe. In za a sa leda, nan ne wurinta, tsakanin zubi da zubi: mai kauri, bakinta na hawa kan juna santimita 20, ta ɗaga jikin rawani, wato ɗan bangon da ya kewaye saman rufi, ta kuma shiga bakin indararo. In aka shimfiɗa ta kan itace kai tsaye, gumi ke taruwa ya ruɓar da azara. Zubi na biyu da na uku su kai jimillar kauri santimita 15 zuwa 20, da gangara santimita 3 zuwa 4 a kowace mita. A ja igiya a tabbatar, ido na ruɗi. Saman a rufe da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ake kawowa daga kudu, ko laso, haɗin katsi na marina da gashin jima da dafara. Gashin jima ba ya wuya a garin da ke da majema.

Indararo ya fito aƙalla santimita 60 daga bango, ya sunkuya kaɗan, bakinsa na ciki ya zauna ƙasa da fuskar rufi. Ɗaki mai mita 3 da 4 a ba shi biyu, don in ɗaya ya toshe ɗayan ya yi aiki. Inda ruwan ke sauka a shimfiɗa dutse. Yoyo mafi yawa daga wuyan indararo yake, don haka a cusa wurin da hannu, a danne da kyau.

Mai son komawa kwano ya san ɗakin zai yi zafi da bazara in ba silin. Kwanon ya hau kan juna santimita 15 zuwa 20 a tsawo, kwari ɗaya da rabi a gefe, a ɗaure ƙarfen da ke ɗauke da shi da waya mai kauri wadda aka binne layi huɗu ko biyar cikin bango. Iskar farkon damina ba ta barin kwanon da aka danne da duwatsu kawai.

Wuta, tiyo da yaɓe

Waya ta bi cikin robarta, a gurbi marar zurfi, a miƙe sama ko gefe don a san inda take. Mai kaurin 1.5 ta ƙwan fitila ce, 2.5 ta abin jona kaya. Tiyon ruwa kuwa kada a binne shi cikin bangon ƙasa ko kaɗan. Ya bi ta waje, a fili, inda ɗigo ɗaya zai nuna kansa.

Sai maganar siminti, wadda ita ce ta fi jawo gardama tsakanin maigida da magini. Bangon ƙasa yana shan danshi yana fitarwa, yana kumbura yana janyewa. Siminti ba ya bin sa. Da ya yi ƴar tsaga kamar gashi, ruwa ya shiga bayansa ya rasa mafita, ƙasar ta jiƙe a ɓoye, gara ta samu inuwa, rana ɗaya sai faifan siminti ya ɓallo da naman bango a jikinsa. Zanin siminti da ake ɗaura wa gindin bango kuwa, tura danshin sama kawai yake yi. Yaɓen ƙasa da makuba yana neman a sabunta shi bayan ƴan shekaru, amma bangon na nan lafiya a ƙarƙashinsa. In dole sai an sa siminti, a taƙaita shi ga bangon gabas da ruwa ke duka: a kafa ƙusa masu tsawon santimita 10 kowane taƙi ɗaya, a ɗaura waya mai raga, a yi haɗi marar ƙarfi, buhu 1 ga baro 4 na yashi, a rufe samansa da kyau, cikin ɗakin kuma a bar shi da ƙasa don bangon ya samu ta inda zai yi numfashi.

Kafin yaɓen ƙasa a yi gwaji: faci uku a jikin bango, kowanne taƙi biyu, da yashi daban-daban, a jira kwana uku, a ɗauki wanda bai tsage ba kuma bai marmashe ba. A kankare tsohon yaɓen da ya saki, a jiƙa bango, a jefa kwaɓin da ƙarfi ya kama, kaurin santimita 2 a zubin farko, na biyu siriri. Bango mai mita 4 da mita 3 zai ci baro 5 ko 6 har da abin da ke zuba. Da hunturu a yi da sassafe, a rataya zana don iska kada ta busar da shi da garaje.

Daɓen ɗaki ya fi tsakar gida tudu da santimita 10 zuwa 15, tsakar gida kuma ta gangara santimita 2 a kowace mita zuwa wuriya. Bango a shafa masa farar ƙasa tsararo-tsararo sau biyu ko uku. Fentin mai toshe shi yake yi, ya kuma ɓare. Kada a mayar da mutane ɗaki sai an manna leda faɗin tafi biyu a bango ta kwana, da safe a ga ba gumi a bayanta.

Kuɗin magini a biya shi mataki-mataki, a kuma ajiye kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin aikin gefe, domin sai an buɗe tsohon rufi ake sanin azara nawa suka mutu. A yi sharaɗi tun farko cewa wani kaso zai jira ruwan fari. Ranar da aka yi shi, da an ɗauke, a hau sama da alli: duk inda ruwa ya kwanta a zagaye, duk tsagar da ta buɗe a cusa mata kwaɓi a danne da dutse mai santsi tun ƙasar na da laima, a zura sanda cikin kowane indararo, sannan a sauko a bi gindin bango ta lungu a ga inda ruwan ya bi.